Mairama da Shekarar da Taki Bai Zo Ba

Duk wanda ya yi aiki a filayen noman rani na wajen Kadawa a shekarun farko ya san Mairama, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar Bafulatanar nan da ke ɓullowa ta kan gaɓar kanal, babbar hanyar ruwan nan, da hantsi, ƙwarya bisa ƙwarya a kanta, tana tafe ba ta waiwaye. Tana da wushirya, kuma ba ta iya ciniki ba tsokana. In ka ce nononta ya yi ruwa, sai ta ce ai shanun ne suka sha ruwan gwamnati, ka je ofis ka kai ƙara.

Rugarsu tana kan wani tudu mai tsamiya tsakanin Kura da Bunkure. A nan aka haife ta, a nan aka binne mahaifinta, a nan kuma ta auri Hamma, ɗan ƙanin mahaifin nata. Don haka aure bai kai ta ko'ina ba, bukka kawai ta sake. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, ba ta da ɗa namiji, sai ta zauna wajenta. Ciwon gwiwa ya daɗe da zaunar da Iya. Iyakar tafiyarta daga ƙofar bukka zuwa gindin tsamiya, can take yini tana kaɗa nono tana yi wa maruƙa faɗa kamar jikokinta.

A ƙasan tudun akwai gonar Malam Ibrahimu, manomi daga wani ƙauye kusa da Kura. Tsakanin gidansu da rugar akwai wata ƙa'ida da ta girmi duk wanda ke raye. In kaka ta yi aka kwashe dawa, sai matar ruga ta cika ƙwarya da kindirmo, ta ɗora curin man shanu a kai, ta kai gidan manomin. Ba sayarwa ake yi ba, ba kuma a cewa komai sai gaisuwa. Washegari sai a dawo da ƙwaryar da zangarniyar dawa a ciki. Ma'anar haka, shanu su sauko gona. Su ci kara, su kwana a can, a riƙa matsar da turakunsu daga wannan kusurwa zuwa waccan har taki ya game gonar. Makiyayi ya sami abincin rani, manomi ya sami ƙasa mai ƙarfi, kuma ba wanda ya buɗe baki ya roƙi wani. Kakar Mairama ta kai wannan ƙwarya, Iya ta kai, ita ma ta kai.

Sai aikin ruwa ya zo. Katafiloli suka shiga gonaki suka baje su kamar faifai, suka kwashe baƙar ƙasar sama suka tura ta kwari. Aka ja hanyoyin ruwa, manya na siminti, ƙanana na ƙasa. Gonar da a da take hutawa da rani ta daina hutu: ana kwashe amfanin damina sai a saki ruwa, a shuka alkama ko a dasa tumatir. Taki kuwa ga shi nan a farin buhu, ana ba manoma a sito da rahusa, ba wari ba ƙuda. A kakar farko bayan haka Mairama ta kai ƙwaryarta yadda ta saba. Da aka dawo da ita an wanke ta tas, an rufe da faifai, ba komai a ciki. Ba mugunta ce ta sa Malam Ibrahimu ba. Dokar aikin ta hana shanu shiga fili, shi kuma bai ga abin da zai yi da kashin shanu ba. Amma duk ranin nan in ya hango Hamma a kasuwar Kura sai ya sake layi.

Mairama ta rataye ƙwaryar a cikin bukka, ba ta sake zuba mata komai ba.

In za a faɗi gaskiya, ita aikin ruwa bai cuce ta ba. Ruwa ya zo kusa, ta huta da tonon rafi. Leburori da direbobi da malaman gona sun cika wurin, kafin azahar ƙoranta sun zama wayam. Ta yi wa 'yarta awarwaro, ta saya wa Iya bargo. Ta kuma yi ƙawa, abin da ba ta taɓa yi a wajen dangi ba. Sunanta Saloma, mutuniyar wajen Zonkwa, Kirista, mai sayar da tuwo a ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban siton taki. Mijinta Hananiya shi ne maigadin siton. Tsohon soja ne, an sallame shi bayan yaƙin basasa yana ɗingishi, shi ya sa kowa ke ce masa Kofur. Yana da rediyo mai jakar fata da yake rataye wa a reshen dalbejiyar, kuma a ƙarƙashin wannan rediyo Mairama ke sauke kaya kullum.

"'Yar Fulani, yau ma kin makara," Saloma za ta ce.

"Maman Lahadi, ai ni ba a yi mini busar fara aiki. Ku da kuke auren gwamnati ku ne masu agogo."

A nan ne, cikin azumin shekarar fari, wato 1973, ta fara jin labarin yaƙin. Ta tarar an taru a gindin rediyo, ba mai magana. Har Uba, wani manomi da bakinsa ba ya rufuwa, ya yi shiru. Da aka gama labarai shi ya fara.

"Kofur, kai da ka san abin, wa ke cin wa?"

"Mai sayar da bindiga," in ji Hananiya.

"Kai dai ba ka ba da amsa a miƙe."

Hananiya ya gyara ƙafarsa mai ciwo ya yi musu bayani. Masar da Siriya ne suka tasar wa Isra'ila don su karɓo ƙasar da aka ƙwace musu a wancan yaƙin na baya. Amma abin bai tsaya a kansu ba. Jiragen Amurka na sauke makamai a wannan ɓangare, na Rasha na saukewa a wancan. Manyan nan biyu ba sa son su daki juna da hannunsu, don kowanne yana da bam ɗin da zai tashi duniya, sai su miƙa wa ƙanana sanda su koma gefe. Ga kuma mai a ƙarƙashin ƙasar yankin, ga mashigin da jiragen ruwa ke bi.

"Majalisar Ɗinkin Duniya fa?" wani ya tambaya.

"Tana taro." Ya shafa cinyarsa. "Harsashin da ke nan ba a ƙasar nan aka ƙera shi ba. Waɗanda na harba ma haka. Mu dai jiki muka bayar."

Waɗanda suka yi makaranta a lokacin an koya musu cewa bayan babban yaƙin duniya manyan ƙasashe sun zauna sun kafa doka, cewa daga nan ba mai ƙwace ƙasar wani ya zauna lafiya, kuma akwai zauren da ƙarami zai kai ƙarar babba. A watan nan suka ji yadda ake yi da dokar. Wata safiya har aka ce Amurka ta umarci sojojinta na ko'ina su zauna cikin shiri. Akwai samarin da tun daga ranar, in rediyo ya yi kiɗan fara labarai, sai gabansu ya faɗi, kuma har yau bai daina ba.

Mairama dai ta tambaya ko wurin yana kusa da Makka. Aka ce ba nisa sosai.

"To, Allah ya kiyaye alhazai," ta ce, ta ɗora ƙoranta.

Tana da nata abin damuwa. Damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙone tun tana tsaye, a makon nan karsana biyu suka kwanta ba su tashi ba. Da aka ce Larabawa sun rage man da suke sayar wa masu goyon bayan abokan gabarsu, farashi ya yi sama, Uba har rawa ya taka, yana cewa ai mu ma muna da mai, kakarmu ta yanke saƙa. Ita ba ta ga inda zancen ya shafe ta ba. Bayan 'yan makonni aka ce an tsagaita wuta, rediyo ya koma kiɗa.

Sai da yaƙin ya shekara kafin ya iso Kura.

Ranin da ya biyo bayan farin ya ci kusan rabin garken. Hamma ya riƙa kai shanu nesa, ta burtalin da hanyoyin ruwa suka matse har saniya biyu ba sa jerawa, yana wuce koren fili hagu da dama wanda ba shi da ikon taɓawa. Mutum ne marar magana, in ya yi ta kuwa ya gama. Wata safiya cikin kaka ta gaba, Mairama na tsugune tana tatsa, ya tsaya a kanta yana riƙe da maraƙi.

"Bana ba za mu yi rani a nan ba."

Ba ta ɗago ba. "Ina?"

"Kudu. Wajen Kachiya. 'Yan'uwanmu su Hammadu sun ce akwai ciyawa, ba kanal."

"Sai damina mu dawo?"

"Mu dawo mu tarar da me?"

Nono ya ci gaba da sauka a ƙwarya. Can ta ce, "Iya fa?"

Ya riga ya yi tunanin wannan. Akwai wata 'yar'uwa da ke aure a cikin garin Bunkure, za a kai Iya can. Tafiyar makonni ce a ƙafa, ko a kan sa aka ɗora ta ba za ta kai ba. Za su tashi kafin watan babbar sallah ya tsaya.

Mairama ta san ba zalunci ba ne, shanun ba za su sake ɗaukar wani rani irin wancan ba. Amma ta kuma san uwarta. Iya a cikin gari, a ɗakin ƙasa, ba saniya a ƙofa, ba wanda zai ji yarenta sai mutum ɗaya. Ko ta bi mijinta da garke ta bar uwarta, ko ta zauna da uwarta ta bar su. Da aka gaya wa Iya, ko kaɗa nononta ba ta tsayar ba.

"Ku tafi abinku. Ni da tsamiyar nan mun saba. Amma wanda ya ɗauke ni ya kai ni Bunkure, ya haƙa ramin tun kafin ya sauke ni."

Kwanakin nan Mairama ta daina tsokanar masu saye. Saloma ta lura, ta tambaya, ta ji. Sannan don ta kawar da zancen ta ce, "Ai mu ma nan ba lafiya. Ki leƙa siton nan ki gani."

Ƙofar a buɗe take. A irin wannan lokaci buhuna kan kai rufi, manoma na layi har bakin hanya. Yanzu ba komai sai katakon da ake jera su a kai da wata kaza tana tono.

"Iska nake gadi," in ji Hananiya. "Kin tuna yaƙin da kika yi wa alhazai addu'a? Shi ne wannan."

"Kofur, kar ka mai da ni yarinya. Yaƙin Larabawa ne ya shigo ya kwashe buhu?"

Ya ce da mai da iskar gas ake yin takin zamani. Da mai ya yi tsada taki ya bi shi, tsadar da ba a taɓa gani ba. Ƙasashe masu ƙarfi suka riga kowa saye, kowa ya kama nasa ya riƙe. Ɗan abin da aka samo mana kuma yana kan teku ko yana layi a tashar jiragen ruwa, ba wanda ya san ranar zuwansa. Ga lokacin shukar alkama ya ƙarato, ga ƙasar da katafila ta kankare, in ba taki ko kuɗin iri ba za ta mayar ba.

"Malam Ibrahimu ma ya zo?" ta tambaya.

"Kullum sai ya zo. Jiya har cikin siton ya shiga, wai ko na ɓoye."

A hanyar gida ta bi ta gefen gonar. An kwashe dawa, kara na tsaye, ƙasar ta yi fari kamar toka. A bayan rugarsu kuwa ga tarin kashin shanu na shekaru, har ciyawa ta fito a kansa, ba mai so. Ta san Malam Ibrahimu ba zai hau tudun nan ba, shi da ya mayar da ƙwarya wanke. Ta san Hamma zai gwammace ya taka har Kachiya da ya sauka ya tambaya. In an bar su, haka za su yi ta sake layi a kasuwa har ranar tashi.

Washegari, bayan Hamma ya fita da shanu, ta sauko da ƙwaryar ta wanke. Iya na kallonta daga gindin tsamiya.

"Kin gaya wa mijinki?"

"A'a."

"In ta sake dawowa wanke fa? Kin san roƙo zai kira shi. Ba zai manta miki ba."

"In ta dawo wanke sai in ɗaura kaya, Iya. Dama ai ɗaurawa zan yi."

Iya ta leƙa ƙwaryar. "To, ba wannan man ba. Ɗauko na jiya, ya fi ƙamshi. In za a ji kunya a ji ta da mai mai kyau."

Tambaya, matar Malam Ibrahimu, ita ta karɓi ƙwaryar a tsakar gida. Ta dube ta, ta gane ta, ta dubi Mairama. Suka gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya Iya da ƙafa, yaya yara. Ba wadda ta ƙara kalma ɗaya. Mairama ta fito ta kama hanyar tudu.

Ba aike aka yi ba. Da safe, Hamma na kwance maruƙa, sai ga Malam Ibrahimu da kansa yana hawo tudu, ƙwarya a hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yi sallama ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu. Hamma ya dubi ƙwaryar, ya dubi ƙofar bukka inda Mairama ta laɓe, sannan ya sunkuya ya ɗaga faifan. Zangarniyar dawa ce, ja, cikakkiya.

"Malam, ka sha hanya," in ji Hamma.

"Hanyar tana nan yadda na san ta. Tudun ne ya ƙara tsawo."

"Tsufa ne."

"Kai ma ai ga furfura nan."

Suka zauna a kan buzu suka yi zancen farin bara da tsadar gishiri. Ba wanda ya ambaci taki, ba wanda ya ambaci ƙwaryar da ta dawo wanke. Da baƙon ya tafi, Mairama ta fito tana jiran faɗa. Hamma ya daɗe yana jujjuya zangarniyar.

"Man wace saniya kika ɗora?"

"Na Fara."

"Shi ya sa," ya ce, ya miƙa wa Iya zangarniyar.

Da yammar ranar shanu suka sauka gona. Murna ta sa aka yi komai yadda iyaye suka yi: aka kafa turaku a kusurwar gabas, aka bar garke ya kwana cikin kara. Malam Ibrahimu ya ce dokar hana shanu ba mai tada ita a shekarar da sito ya zama wayam. Abin da ba wanda ya tuna shi ne gonar iyaye ba ta da hanyar ruwa a gefenta. Ba wanda ya je ya tambayi ranar da za a saki ruwa. Da asuba aka buɗe ƙofa daga sama, ruwa ya biyo ƙaramar hanyar da ta bi ta kan iyakar gonar. Shanun da suka kwana cikin busasshen kara suka ji ƙamshinsa, suka tumɓuke turaku, suka hau gaɓar ƙasar gaba ɗaya. Gaɓa ta fashe. Ruwan ya bar gonar Malam Ibrahimu, ya gangara filin da ke ƙasa da ita.

A wannan filin akwai ɗan yankin da Saloma ta karɓa aro. A nan ta yafa irin tumatir, ta yi masa rumfar ciyawa, ya fito kore shar yana jiran dashe.

Ko da Mairama ta iso a guje an taru. Fangalin ya zama taɓo, 'yan tsiron na yawo a kan ruwa. Saloma na tsaye a ciki har idon sawu, ba ta kuka, wanda ya fi kukan muni.

"Da gwangwani na riƙa shayar da su, Mairama. Safe da yamma."

Yau ba 'Yar Fulani.

Uba ne ke ta magana. "Kofur, ofis kawai. Doka a fili take, shanu sun shiga fili, sun fasa gaɓa. Kai ma'aikaci ne, kana faɗa za a ji. Kafin Juma'a an tashi rugar nan kowa ya huta."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Ƙara ɗaya ta isa. Hamma na tsaye gefe da sandarsa a kafaɗa, fuskarsa ta nuna ya riga ya fara tafiya Kachiya a zuciyarsa. Malam Ibrahimu na cewa laifinsa ne, ba mai saurarensa. Wasu samari sun fara matsowa kusa da shanun.

Hananiya ya iso yana ɗingishi, ya dubi fangalin, ya yi wata magana da yarensu wadda ba ta yi kama da addu'a ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daka wa samarin tsawa su ja da baya, sannan ya juya ga Uba.

"In aka tashe su, kai za ka ba ni taki?"

"Wane taki?"

"Shi nake tambaya. Naka filin da me za ka shuka alkama? Da bakinka?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye.

"In na je ofis," in ji Hananiya, "ofis zai kira 'yan sanda, 'yan sanda su zo da tasu yunwar. A ƙarshe ba shanu, ba taki, tumatir ɗin matata kuma ba zai tashi daga ruwa ba. Na taɓa zuwa inda aka kira manya su raba faɗa." Ya nuna Hamma da yatsa. "Amma kai, Bafulatani, ba za ka tafi haka ba. Ajiye sandar nan. Ga shebur."

A nan tsaye cikin taɓo aka yanke magana. Hamma zai gyara gaɓar da hannunsa. Malam Ibrahimu zai ba Saloma rabin tsiron da ke nasa fangalin. Takin farko da zai sauko daga tudu filinta za a kai. Shanu kuwa ba za su sake kwana inda ruwa ke bi ba: su zauna a tudu, jakuna su sauko da taki a mangala, su hau da kara da harawa, in an yi girbin alkama a kai musu bambaro. Malamin gonan yankin, wani saurayi mai haƙuri, da ya zo ya ga ɓarnar ya ga kuma ana gyara, sai ya nuna musu wani wuri kusa da kwalbati inda gaɓar siminti ce, ya ce shanu su riƙa sha a nan, shi zai riƙa faɗa wa Mairama ranar sakin ruwa in ta kawo nono.

Har yau ana ba da labarin yinin da Hamma ya yi da shebur. Mutumin da tun da aka haife shi bai riƙe abin da ya fi sanda nauyi ba, ga shi cikin taɓo har gwiwa, yana ɗiban ƙasa yana zubar da rabi a hanya, Kofur na zaune a kan gaɓa yana ba da oda. Kafin la'asar Uba da kansa ya karɓi shebur ɗin, wai ba zai iya kallon wannan wulaƙancin da ake yi wa kayan aiki ba. Washegari jakinsa ne na biyu a gindin tudu.

Saloma ta fi mijinta riƙo. Makonni Mairama na sauke kaya a gindin dalbejiya, ta gaishe ta, Saloma ta amsa a taƙaice ta juya ga tukunyarta. Sai da sabon dashen ya kama, ya yi duhu saboda takin, har ya fara fure. Ran nan Saloma ta miƙo kwano ba ta dube ta ba.

"Zuba mini. Yau ma shanun sun sha ruwan gwamnati?"

"Sun sha. Ai kin san su, har ban ruwa suke yi wa mutane kyauta."

Saloma ta jefe ta da totuwar masara. "Allah ya shirye ki, 'Yar Fulani."

Hamma bai taɓa cewa an fasa tafiya ba, Mairama kuma ba ta tambaya ba. Watan babbar sallah ya tsaya, aka yi salla, kara na hawowa tudu a bayan jakuna, shanu sun fara mai da jiki. Wata rana ta dawo daga talla ta tarar ya yaye rufin bukkar Iya, yana bisa yana ɗaura sabuwar ciyawa, Iya na ƙasa tana gaya masa bai iya ba. Mairama ta tsaya da ƙore a kai tana kallo. Wanda zai tashi ba ya yi wa bukka sabon rufi. Ta shiga ta kwance ƙullin kayan da ta ɓoye a bayan gado.

Farin buhu ya dawo daga baya, kamar yadda aka san zai dawo. Siton ya sake cika, jakunan da ke zuwa gindin tudu suka ragu, na Uba ne ya fara ɗaukewa. Malam Ibrahimu yana karɓar buhunsa, yana kuma aiko jakinsa. Ya ce ƙasar da katafila ta kankare buhu kaɗai ba ya riƙe ta, kuma shi ya ga sito wayam sau ɗaya, ya ishe shi. Rediyon Kofur yana nan a reshensa. Yanzu Labanan yake ambata, da Angola, da wasu wuraren da ake sauke makamai daga jiragen manya. In an fara labarai Mairama kan tsaya da ludayi a hannu ta saurara, ta tambaya ko wurin yana da mai, ko jiragen ruwa na bi ta nan. In aka ce eh, sai ta ce a gaya mata in ya kusa isowa.

Duk kaka tana sauko da ƙwaryar. Ba ta kai ta da sakin jiki irin na Iya da kakarta, don ta san tana iya dawowa wanke, kuma daren da ƙwaryar ke kwana a gidan Malam Ibrahimu ba ta cin tuwo sosai. Bana ma ta kai. Da safe aka dawo da ita, Iya ta ɗaga faifan da kanta, ta ɗauko zangarniyar ta auna a tafin hannu.

"Ta bara ta fi cika," ta ce. "Ki gaya masa ya ƙara taki."